Gardi Biyu Gaba, Biyu Baya

Zuwa ga yayana Umaru, sojan Faransa, duk inda wagga takarda ta iske ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya. Baba da Inna na gaishe ka, mai ɗakinka Hajo ma, ko da ba ta buɗe baki ta ce ba. Gero ya yi dama-dama bana a Karofan. Ni kuwa ɗanka Isuhu ya kusa kashe ni, shi da baƙaƙen Nasara.

Bayan tahiyarka anka zo neman yaran lakwal, makarantar Nasara. Masu hali sunka ɓoye nasu, anka nuna namu, anka kai Isuhu Madawa. Sau biyu yana gudowa gida a ƙasa, bayanshi duk shatar bulala. An ce in ya ƙara, Baba za a ɗaure a rana, tsoho mai ciwon gwiwa! Shi ya sa na bar gona na biyo shi. Da rana in yi dako a kasuwa, da la'asar in zaunar da shi karatu. Ni da ban taɓa taka aji ba! Ka san a jikin buhuna da akwatunan kanti na tsinci nawa karatun, ina tambayar direbobi suna zagina.

Wasali ne ke ja mishi duka. Yaya, mutanen ga ba su da tausayi. A allon Malam, in kana son "u", ɗan rufu'a guda za ka ɗora, magana ta ƙare. Su sai sun jera O da U tukuna su ce "u". To shi U ɗin in ya tsaya shi kaɗai hwa? Wai sai ka tsuke baki awa mai hura wuta. Ruwa kuma "o" suke ce mishi, amma E, A, U suke rubutawa. Ukku reras, babu O ko guda cikinsu! Na ce ma Isuhu rijiyar garinmu ce: mutum ukku su ja guga, wani can ya shanye. Ya yi dariya, ya riƙe wannan. Amma OU ya ƙi shiga. Kullum "o-u, o-u", sai ka ce jaki ya hangi dusa.

Na yi hwaɗa, na jefar da alli, na kira shi kan tulu. Kai ne ka kan ce, "Illa, harshenka ya riga hankalinka tashi daga barci." Jiya har hannu na ɗaga. Sai ya runtse ido ya kare kai, yadda ya saba yi gaban malamin lakwal, wanda suke ce ma mushe. Hannuna ya mutu a sama.

Na share ƙasa, na rubuta sunanka yadda sunka rubuta shi ranar da anka ɗauke ku: OUMAROU. Na ce karanta. Ya bi da yatsa, leɓenshi na motsi, sai ya yi tsit, ya sunkuyar da kai. Ɗa ba ya kiran sunan ubanshi. Nan na gane ya karanta.

Can ya taɓa OU na gaba, ya taɓa na baya, ya ce gardi ne, dogaran Nasara, biyu gaba biyu baya, awa ranar da anka tahi da kai. Ashe yana bayan rumbu yana kallo. Mu muna cewa bai yi wayo ba.

Yau da sahe ya karanta MADAOUA da BOUZA a allon bakin hanya, bai yi tuntuɓe ba. Ya ce ba ya ƙara gudu. Gwiwar Baba ta tsira.

Sai dai kahin mu tashi jiya, ya sa tahin hannu ya goge O ɗin nan biyu, ya bar UMARU. Na ce kul ya yi haka gaban mushe. Amma ban share ba, har yanzu yana nan gindin bagaruwa.

Allah Ya tsare ka daga harsashi da sanyin ƙasar mutane. Allah Ya raba ka da masu rakiya, Ya maido muna kai Umaru zalla, ɗanka ya sunkuyar da kai gabanka. Amin.

Ƙanenka mai bakin nan da ka sani,
Illa