"Da Godiya" Ba Maki Biyar Ba Ne

Zuwa ga Farfesa, shugaban tawagar da ta binciki halin ma'aikatan injin casar shinkafa a Argungu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ni ne malamin firamaren nan na Gwadangaji da kuka ɗauka bara in riƙa karanta wa ma'aikata tambayoyinku da Hausa, ina cike musu takarda. Sau biyu na zo ofishinka a Birnin Kebbi ban samu ganinka ba, shi ya sa na fito fili.

1. Babbar tambayarku ita ce yadda mutum yake jin aikinsa, a ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Wane dattijo za ka tambaya ina aiki ya ce wani abu ban da "da godiya"? Ko a gadon asibiti haka zai amsa. Na faɗa wa mataimakinka, ya ce ma'aunin gwadadde ne, ba a taɓa shi, duk wanda ya yi godiya in sa masa biyar. Na bi umarni.

2. Cikin ma'aikatan akwai Baba Ummaru, abokin marigayi mahaifina, mai kula da wutar tukunyar gumi, inda ake turara shinkafa kafin a casa. Yana amsa mini yana goge hawayen hayaƙi da bakin riga. Masu injin sun yi alkawarin sashen da makinsa ya fi ƙasa za a ƙara masa hannu, a mayar da tsofaffinsa ɗinkin buhu. Sashen wuta duk dattawa ne masu kawaici, sai ga shi a rahotonka ya fi kowane sashe jin daɗi. Samarin ofis kuwa, 'yan ƙarƙashin fanka, sun san dawar garin. Ɗaya da biyu suka zaɓa, su aka ƙara wa mutum.

3. Da idanun Baba Ummaru suka fara dushewa ya nemi canji, manaja ya buɗe masa rahotonka, ya ce ai sashensu ba shi da matsala. Wallahi abin yana ci mini rai, domin alƙalamina ne ya rufe masa ƙofa.

Ba na raina iliminka, Farfesa. Lissafinka bai yi kuskure ba, abin da muka zuba masa ne ba daidai ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Roƙona shi ne ka rubuta wa masu injin su jingine sakamakon sashen wuta kafin shinkafar rani ta shigo, lokacin da tukunya ba ta hucewa. Sannan a sake tambayarsu abin da kunya ba ta ɓoyewa, kamar sau nawa mutum ya kwanta jinya bana. Zan yi aikin kyauta.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya tsare maka ganinka. Likita ya ce idon hagu na Baba Ummaru ya riga ya tafi. Na daman nake roƙa masa.

Wassalam.

Naka,
Malam Sani, Gwadangaji