Baje-kolin Satumba da Dawar Gwaggo Zinariya

Abdullatif Buba,
Tafashiya, Kankia.
18 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Baje-kolin Amfanin Gona na Kankia da Kusada.

Ranka shi daɗe,

Game da: Sanya baje-kolin bana a ranar 20 ga Satumba, da ɗauke shi daga filinsa

Bayan gaisuwa ta girmamawa. Ni malamin gona ne. Na yi shekara goma sha ɗaya a Kudu ina karatu da aiki, na dawo gida bara. Na karanta sanarwarku ta 11 ga Agusta, wadda ta ce bana za a yi baje-koli a Satumba, cikin ɗakin taro. Ga ƙorafina.

1. An fara wannan baje-koli a 1979, a filin da manoma suka bayar kyauta a bakin hanyar Kusada. Ba a taɓa yin sa ba sai bayan girbin dawa, saboda rabon iri. Manomi yakan kawo daminsa a ɗaure. Alƙalai su zaro zangarniya daga tsakiya, don kada a ruɗe su da ta waje. Damin da ya ci, a kwance shi a tsakiyar fili, kowane manomi ya ɗauki zangarniya guda ya kai gida ya ajiye don shuka. Kofi da takardar yabo daga baya suka zo. Na rubuta wannan ne don ban tabbata akwai wanda ya sani a kwamitinku ba.

2. A ranar 20 ga Satumba dawa ba ta ƙosa ba. Na tambayi sakatarenku dalili, ya ce babban baƙo zai yi tafiya a Disamba. Allah ya kiyaye masa hanya. Dawa dai ba za ta nuna da wuri saboda shi ba.

3. Na halarci na bara, ranar 7 ga Disamba, 2024. Buhuna aka jera maimakon dammuna. Buhun da ya zo na ɗaya yana ɗauke da sunan wani ɗan kasuwa da jan fenti, ko juya shi ba a yi ba. An yi jawabi takwas. Ba a raba iri ba.

4. Amalanke ba ta shiga ɗakin taro. Filin kuwa, masu buga bulo sun riga sun cinye rabinsa, an kuma garƙame ƙofarsa da kwaɗo.

5. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Zinariya, tana noma a ƙauyen Ƙofa. Shekararta saba'in da huɗu. Tana riƙe da wata jar dawa, gajeriya, mai yin ido ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, a filin nan ya samo wannan dawa a 1986. Na duba gonaki talatin da ɗaya tsakanin Tafashiya da Kusada, a gonarta kaɗai na same ta ba gauraye. Gwiwoyinta sun gaza, bana ce damunarta ta ƙarshe, 'ya'yanta kuma za su ba da gonar haya. Burinta ta kwance dami a inda aka ba mijinta. Zan ajiye nawa kason irin, amma iri a hannun mutum ɗaya ba ya daɗewa. A filin ne kawai manoma ɗari biyu ke haɗuwa rana guda. Idan ba a raba shi bana ba, kafin bazara ya zama tuwo.

Don haka ina roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, da a mayar da baje-kolin ranar Asabar, 6 ga Disamba, a filinsa, a hana shigo da buhu, a kuma dawo da rabon iri.

Idan wannan ya fi ƙarfin kwamiti, ku yi taronku na Satumba lafiya. A ba mu izini a rubuce da makullin filin na wannan rana ta Disamba. Ba ma buƙatar rumfa, ko kujeru, ko baƙo. Ni zan ɗauko Gwaggo Zinariya da daminta.

Ina jiran amsa kafin 1 ga Satumba. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Naka cikin biyayya,

Abdullatif Buba