Tafkin da Na Rubuta Ba Mai Shi

Litinin, 4 ga Maris, 1974. Tsafe.
Babban malamin daji ya kira ni Gusau. Wai akwai tafki cikin gandu, bayan 'Yankuzo, za a kewaye shi da waya manya su riƙa zuwa hutu. In rahotona ya nuna ba mai amfani da shi, zai sa hannu a mayar da ni Hadeja, garinmu. Shekara shida ina roƙo. Sai yau da suke son wurin shan iska aka tuna da ni.

Laraba, 6 ga Maris.
Tafiyar ƙafa tun asuba, duwatsu, ƙaya. Na kafa tanti gindin kanya da la'asar. Ruwa kwance, ko motsi. Bado ya rufe rabinsa, kamar na bayan gidanmu. Na ga Habiba, matata, tsugune tana wanke ƙwarya, har na buɗe baki. Balbela ce.
Ba kowa. Na rubuta: ba mai amfani da shi. 

Alhamis, 7 ga Maris.
Da sassafe mata da tuluna, a jere, ba hayaniya. Na ce 'yan kaɗan ne, ba sai an rubuta ba.
Da hantsi ƙasa ta ɗauki rugugi. Shanu, duk haƙarƙari a waje. Wani dattijo, Buba, ya tsaya kan sarƙar awona.
"Malam, mi kaka aunawa? Ruwan ga na ƙaruwa in an auna?"
Ashe tun farin bara suka yi doka: mata su ɗebi mai kyau tukun, shanu su sha kwana ɗaya, kwana ɗaya a bar ruwa ya kwanta. Jiya ranar hutun tafki ce. Ni kuma na ce marar mai shi.

Juma'a, 8 ga Maris.
Ba ni na kawo fari ba. Ni ma ina da gida.

Asabar, 9 ga Maris.
Buba ya aiko da nono. Bai roƙe ni komai ba. Da ya roƙa, da ya fi mini sauƙi.

Talata, 12 ga Maris. Gusau.
Na miƙa rahoton: garke goma sha ɗaya da ƙauye uku ke shan tafkin. Babban malamin ya karanta, ya jawo aljihun tebur, ya tura takardar Hadeja can ciki.
Na rubuta wa Habiba ta taho bayan damina. Ban ce don komai ba. Na dai ce akwai bado.