Kakata ta gano ciwon gwiwata, ta ce ko ƙaho ko ta faɗa wa Baba

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gurup. Admin a sakaya sunana. Na kasa zama na kasa karatu, don Allah ku ba ni shawara kafin jibi.

Ni 'yar lise ce, wato babbar sakandare, a Gure, ba ni da yawan magana, a aji ma sai a manta ina nan. Abu ɗaya na iya, gudu. Tun ina ƙarama ni ke kai wa Baba abinci garka, wato lambunsa, can cikin kwari, da gudu nake zuwa ba takalmi, rairayi bai taɓa damuna ba. Bana madam ɗinmu ta wasanni ta sa sunana a gudun kilomita ashirin da ɗaya da za a yi a Damagaram cikin bakans, wato hutun makaranta. Baba ya sha magana kafin ya yarda, baffanninmu har gida suka zo suka ce budurwa da wando a bakin hanya ba tsari ba ne, ya ce musu da hijabinta take gudunta kuma shi ya ba ta izini. Ni sharaɗi ɗaya ya sa mini, ranar da abin ya taɓa lafiyata an gama.

Da na ji a Damagaram kan kwalta ake gudun, sai na bar rairayi na koma hanyar Gidigir da takalman gwanjo. A nan gwiwar hagu ta fara ciwo, ƙasan ƙoƙon, kamar ana tura tsinke. Na faɗa wa madam, ta ce in rage gudu in riƙa hawa keke, kuma in je likita a duba. Keken yayana nake ara, amma sirdin ya yi ƙasa kuma cikin gari ko'ina yashi ne, sai na danna da ƙarfi, in na sauka gwiwar har ɗumi take. Likita kuwa ban je ba, majon da ke can, wato babban ma'aikacin jinyar, shi da Baba majalisarsu ɗaya, kafin in iso gida labari ya riga ni.

A gida ba na ɗingishi, na koyi taka ƙafar daidai in ina tsakar gida. Salla ce ta tona ni. A ɗakin Kaka nake kwana, ita ta ga ba na iya lanƙwasa ƙafar a zaman tahiya, ina ɗan miƙe ta gefe. Da na shafa addu'a sai ta kama gwiwar ta latsa, ta ce, "'Yar nan, ni da nake da shekara saba'in na fi ki zama. Tun yaushe?"

Mun daɗe muna ja. Ta ce mataccen jini ne, wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho ya zuƙe shi, haka aka yi wa kakanmu har ya koma bin raƙumansa. Na ce madam ta hana a taɓa wurin da aska, ta ce madam ba ita ta haifi ubana ba. Ƙarshe ta ce in na yarda da ƙahon bakinta a rufe, ita ma tana so ta ga na je Damagaram ɗin ko don baffannina su yi shiru. In na ƙi, za ta kira Baba ta sa in yi raka'a biyu a gabansa.

Ɗazu da na dawo daga lakwal, wato makaranta, na ga sabuwar reza cikin takardarta a ƙarƙashin faifan Kaka, da ƙullin auduga. Ashe har ta aika wa wanzamin, jibi da hantsi zai zo, lokacin Baba yana garka. Masu gudu a cikinku, akwai wanda aka yi wa ƙaho a gwiwa ya ci gaba da gudu? In miƙa ƙafar in yi shiru, ko in riga Kaka zuwa wurin Baba, alhali na san abin da zai ce?