Sunan da ke kan kati

Litinin, 2 ga Mayu, 1994
Yau motar mishan ta kwashe magungunan ɗakin shan maganinmu na Manchok. Wai daga yanzu babban sito a Kafanchan ne zai riƙa ɗaure wa masu doguwar jinya nasu, a aiko ta gidan waya duk wata. Shekara tara ina ƙirga ƙwaya a nan, yau an bar ni da sikeli da auduga. Na share kanta sau biyu, ba don ta yi datti ba.

Alhamis, 5 ga Mayu
Scholastica, wadda muka yi makaranta tare, ita aka ba siton. Ta aiko in rubuta mata sunayen marasa lafiya "kamar yadda suke a kati". To, na kwafa kamar yadda suke a kati. Ai su ne masu ilmi.

Asabar, 14 ga Mayu
Na kasa zama. Gida, asibiti, gida.

Talata, 17 ga Mayu
Maman Kumai ta zo, tsohuwar nan mai farfaɗiya da ke sayar da daddawa. Ƙwaya biyu suka rage mata. "Sista, maganina bai zo ba?" Na ce ta je wurin Malam Zubair, wakilin gidan waya, shi ke raba ƙunshin ranar kasuwa. Har da ɗaga murya na faɗa, kamar ita ta yi mini laifi.

Laraba, 25 ga Mayu
Maman Kumai ta faɗi a bakin murhu. Hannun dama ya ƙone har gwiwa. Ni na wanke.

Da rana na tafi wa Malam Zubair da faɗa. Ya rantse ya kira "Emilia Asher" sau uku a kasuwa, ba wanda ya amsa, ya mayar da ƙunshin Kafanchan. "Da an ce mini Maman Kumai, ai ga ta can gaban shagona tana zaune!"

Emilia sunanta ne na baftisma. Tun da Fada ya zuba mata ruwa ba wanda ya ƙara kiranta da shi, ita kanta ta manta. Ni kuwa na sani. Ranar da nake kwafa sai da alƙalamina ya tsaya a kan sunan, na ce bari su gani ko daga Kafanchan ake sanin mutane. Ba zan iya gaya wa kowa wannan ba.

Juma'a, 27 ga Mayu
Ina canza mata bandeji ta ce, "Mutanen Kafanchan ba su san ni ba, 'yata. Ke kaɗai kin san ni." Na ce ta daina motsi.

Litinin, 6 ga Yuni
Na hau bas na kai wa Scholastica sabon jerin da hannuna: sunan kati, sunan gida, unguwa, da abin da mutum ke sayarwa a kasuwa. Mutum sittin da ɗaya. Siton cike yake, maganin farfaɗiya kwali-kwali, abin da a kantata yakan yanke wata biyu. Har yanzu ban ce tsarin ya yi ba.

Ta ce ko zan riƙa zuwa duk ƙarshen wata in duba sunaye kafin a rufe ƙunshi. Na ce zan yi tunani. Na dai tambayi direba ƙarfe nawa motar farko ke tashi.