Na Ce Masa Zinari Ne

Assalamu alaikum Anti, da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni maƙerin zinari ne a Kakuri, na haura sittin. Matata ta rasu, 'ya'yana duk sun koma tsallaken kogi, inda Musulmi suka fi yawa, tun shekarun tashin hankali, ni kuwa taurin kai ya zaunar da ni. Mutum ɗaya ya rage mini, bari in kira shi Baba Dogo, Kirista ne, tsohon ma'aikacin masaƙa. Kullum bayan la'asar yakan taso daga Gonin Gora ya zauna a bencina, mu sha shayi, yana tsokanata wai idona ya mutu. Ranar da bai zo ba, wallahi har in rufe shago ba mai ce mini sannu.

Bara ya sayar da gonarsa ta Kakau, ya zo mini da waya yana nuna mini wani shafin intanet da ake gwanjon sulallan zinari. Ya ce, "Malam, kai ne mai sana'a, duba mini wannan." Ni da na shekara arba'in ina gaya wa mutane ba a sayen zinari a hoto! Amma sun ɗauki hoton sulen a kan sikeli, nauyin ya cika cif, ni kuma ina so in nuna masa idon nan da sauransa. Na ce, "Taya, Baba." Me ya kai ni? Ya taya aka sallama masa, ya biya da kuɗin gonar.

Ranar da saƙon ya iso, ina riƙe sulen gabana ya faɗi. Ya yi kauri, kuma haka jabu yake in an ciko masa nauyi. Na ɗora shi a kan yatsa na ƙwanƙwasa. Zinari amonsa daɗewa yake yi, wannan kuwa ƙwas ya ce ya yi shiru. Na goga shi a dutsen gwaji sama-sama, da gangan, don kada in wuce ruwan zinarin da aka rufe shi da shi. Baba Dogo na tsaye yana washe baki. "Orijina ne ko, Malam?" Na dubi bencin nan, na tuna yadda yake in ba kowa a kai. Na ce, "Zinari ne." Ya ɗaga hannu sama ya gode wa Ubangiji, har ya ce ya janye maganar idona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shafin gwanjon kuwa tuni ya ɓace.

Yanzu saura mako biyu auren autarsa. Ya kawo mini sulen a ƙulle cikin hankicin marigayiya matarsa, wai in narka in yi wa amarya sarƙa da 'yan kunne. "Ba hannun da zai taɓa shi sai naka." Sulen na shiga wuta asirina ya tonu. In na sayar da duk abin da ke shagon, ba zai sayi rabin zinarin ba. In ce masa kuskure na yi? Kuskuren hoto ya wuce, amma ƙaryar fa?

Jiya na kulle kaina a cikin shago. Ina ji ya ƙwanƙwasa, ya zauna a bencin shi kaɗai har aka kira magariba. Da na buɗe, na tarar ya ajiye mini ƙosai a bakin ƙofa. Gobe zai dawo.

Jama'a, me zan yi?