Fitilar Ɗakin Inna

Diffa, ranar Talata

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Kawu da mutanen kanti a Damagaram. Mu nan lafiya lau. Ruwan kogin Komadugu ya fara ja baya, an shanya tattasai ko'ina. Na san akwai tarho, amma ba na son Inna ta jiyo ni ta katanga, shi ya sa na ba direban motar tattasai wannan takarda.

Zancen fitilun da ka haɗa mana ne kafin ka tafi. Da an idar da sallar isha'i Inna takan kashe tata, sai tawa ma ta mutu. Jiya na bar wata baiwar Allah a cikin littafi tsaye a tasha da akwatinta, ban san ko wanda take jira ya zo ba sai da gari ya waye. Ban yi wa Inna magana ba. Ka san tsakanina da mahaifiyarka, daga gaisuwa sai "an gama tuwon?"

Na kuma yanke wayar wutar na ƙara ƙwan fitila na uku a madafa, sai duk suka koma ja kamar garwashi. Na cire.

Ka huta lafiya.
Matarka, Nazifa

Damagaram, ranar Asabar

Nazifa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, Kawu na gaishe ku.

Fitilun ba su lalace ba. Ƙwayayen na tsohon motona ne, wato babur ɗin da na ajiye tun da aka hana hawa moto, kowanne na bolt shida, batirin kuma goma sha biyu ne. Da na haɗa ƙwai ɗaya shi kaɗai da batirin, da ya ƙone. Sai na jera su a kan waya ɗaya: kuran, wato lantarki, ya fito daga batir, ya bi ɗakin Inna, ya bi naki, ya koma. Wanda ya ratsa nata shi ne dai ya ratsa naki, ƙarfin batirin kawai suke rabawa. Kowane ƙwai yana ɗan tare masa hanya, shi ya sa da kika ƙara na uku ya ragu ga kowa. In an katse hanyar ko ta ina, ya tsaya gaba ɗaya.

Zan turo Ishaku mai gyaran wuta da ƙwayaye na bolt goma sha biyu, ya ja wa kowacce wayarta. Ki daina yanka mini waya. Matar tasha kuma ta yi haƙuri.

Ki gaida Inna.
Mijinki, Mahmud

Diffa, ranar Laraba

Maigida,

Bayan gaisuwa. A tarho na ce maka jiri ne kawai ya ɗebi Inna. Ga yadda aka yi.

Ranar Litinin na idar da isha'i na buɗe littafi, ina jiran duhu kamar kullum. Na gama shafi, na gama babi, fitila na nan. Da farko na ji daɗi. Sai na lura ba karatu nake ba, ƙwan nake kallo. Inna ba ta taɓa barin sa ba, kullum cewa take batir ba kogi ba ne.

Na je na yi sallama, shiru. Na same ta a ƙasa tsakanin gado da buta, idonta a buɗe, muryarta ba ta fita. Maƙwabta suka taimaka muka kai ta likita. An ce hawan jini ne, kuma da ta kwana a haka da wani zancen ake yi. Yanzu tana gida, tana shan kunu da hannunta. Abin da ta fara ce mini da ta dawo shi ne, "Wa ya bar wutar nan a kunne?"

Sai na ji daga gare ka.
Nazifa

Damagaram, ranar Juma'a

Nazifa,

Sallama da godiya. Ina tafe ƙarshen wata, in Allah ya yarda. Ishaku ya ce Lahadi zai shigo da kayan aiki.

Mahmud

Diffa, ranar Lahadi

Maigida,

Barka da war haka. Ishaku ya zo, na ba shi ruwa, na ce ya bar wayar yadda take. Littafin zan riƙa karanta shi da hantsi.

Inna na nan da sauƙi. Jiya bayan isha'i fitilata ta mutu, ta dawo, sannan ta sake mutuwa. Ban tambayi Inna ba, amma na ɗauka sai da safe take ce mini.

Allah ya kawo ka lafiya.
Matarka, Nazifa